Keken Dutse da Akwatin da Ba a Buɗewa

Gaya gari ne na masu tafiya. Kogin Isa na kudu da mu, bayansa Malanbil ta ƙasar Benin, hanyar Kamba na kai mutum Najeriya, gudron Doso kuma na kai shi Yamai. Amma kafin manyan motoci su kwashi kaya zuwa waɗannan wurare masu nisa, akwai abin hawan da ke fito da su daga gona da fadama, shi ne keke. Shi ke ɗauko rake daga Dallol Mawri, da buhun shinkafa daga Tara, da itace da jarkokin ruwa, shi ne kuma ke kawo mana yara makaranta daga ƙauyukan kewaye. Kusan shekara ashirin ke nan ina koyar da Faransanci da Hausa, kuma na daɗe da fahimtar cewa a ajinmu keke yana cikin kayan karatu, daidai da alli da littafi. Ranar da sarƙa ta tsinke a hanya, ranar kujera ke kwana wofi. Wannan ne dalilin da ya sa malamin harshe ya ɗauki alƙalami a kan zancen da ya fi kama da na makanikai.

Kekunan da muka tashi muka tarar a hannun iyayenmu baƙaƙe ne, masu nauyi, masu birkin ƙarfe: Raleigh na Ingila, wanda har masana'anta aka kafa masa a Kano, sa'an nan Phoenix na Sin da Hero na Indiya. Galibinsu gudu ɗaya gare su, in an iso tudu sai a sauka a tura. Daga baya gwanjon Turai ya yi ta shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kotonu, a cikinsa har da irin keken nan mai kaurin taya da ake kira VTT da Faransanci, wato wanda aka ƙera don hawan dutse da ratsa daji. Samari suka yi caa a kansa domin yana da giya, ko bitas kamar yadda wasu masu gyara ke cewa, wani 18, wani 21.

Sirrin wannan giya yana rataye a gefen ƙafar baya. Wani ɗan hannu ne na ƙarfe mai ƙananan tayoyi biyu, aikinsa shi ne ture sarƙa daga wannan faranti mai haƙora zuwa wancan. Faransawa sun cire sunansa daga aikatau ɗin da ke nufin gocewar jirgin ƙasa daga kan layinsa, mu kuma muka ara muka ce deraye. Sunan ya faɗi gaskiya, domin da gangan yake sa sarƙa ta goce. Ya daɗe a duniya. A 1937 aka yarda ƴan tseren Tour de France su yi aiki da shi, kuma da keken dutse ya fito daga hannun samarin Kaliforniya ta Amurka a shekarun 1970, da shi ya fito. Kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper a 1981, daga nan irin ya bazu ko'ina.

Sai dai deraye kayan mutumin da ke wanke kekensa ne bayan kowace fita. A waje yake tsirara, tsakaninsa da ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba. Mu kuwa yankinmu ya fi ko'ina a Nijar samun ruwan sama: da damina laka, da hunturu ƙura, a cikin dallol kuma yashi kowane lokaci. In yashi ya haɗu da man sarƙa sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su yi ta cin haƙora. Faɗuwa ɗaya kuma ta isa ta lanƙwasa hannun, ya kutsa cikin wayoyin ƙafa ya karya abin da ya tarar. Maganin da masu gyaranmu suka samo sananne ne. Su cire deraye su jefa cikin kwalin tarkace, su rage tsawon sarƙa, su ɗora ta a kan farantin tsakiya. Keken giya 21 ya koma na giya ɗaya. Duk malamin da ya zagaya inda ɗalibai ke jingine kekunansu zai ga wayoyin giya suna reto babu abin da suke ja.

Masu hawan dutse a Turai su ma sun sha wannan wahala, sai injiniyoyinsu suka ce a ɓoye giyar inda ƙasa ba ta kaiwa. Kamfanin Rohloff na birnin Kassel a Jamus ya fitar da giya 14 a cikin cibiyar ƙafar baya a 1998. Honda ta Japan ta ƙera keken gangara mai suna RN01, ta rufe giyarsa cikin akwati a tsakiyar keken, kuma a kansa ne Greg Minnaar na Afirka ta Kudu ya ci kofin duniya na tseren gangara a 2005. Amma waɗanda suka kai abin kasuwa sosai su ne Christoph Lermen da Michael Schmitz, injiniyoyi biyu da suka haɗu a kamfanin motoci na Porsche, suka kafa Pinion a 2008 a yankin Stuttgart. Akwatinsu na farko, P1.18, ya shiga kasuwa a 2012.

Ga yadda yake aiki. A inda feda ke juyawa, wato cibiyar keken, an dasa akwati rufaffe mai nauyin kilo 2.7 ko kusa da haka. A cikinsa akwai jerin faranta masu haƙora kashi biyu, suna cizon juna cikin mai, kamar na mota. Kashi ɗaya na ba da mataki 6, ɗayan 3, in aka ninka sai a sami giya 18, babu wadda ta maimaita ƴar'uwarta. Giyar sama ta ninka ta ƙasa fiye da sau shida. A waje kuwa babu komai sai faranti ɗaya gaba, ɗaya baya, da sarƙar da ba ta gocewa ko'ina. Wasu ma sun maye gurbin sarƙar da bel mai haƙora irin na kamfanin Gates, wanda ba ya son mai sam. Nauyin ya taru a tsakiya kuma a ƙasa, ƙafar baya ta yi sauƙi, mahayi na iya sauya giya ko yana tsaye. Abin da akwatin ke nema shi ne a sauya masa mai sau ɗaya a shekara, ko bayan kilomita 10,000. Yana da nasa aibi: ya fi deraye nauyi, yana ɗan cin ƙarfin ƙafa, kuma sai an sassauta taka feda kafin giya ta shiga. Duk da haka, wanda ya san hanyar Tunuga a watan Agusta zai ce ai wannan mu aka yi wa.

To, a nan ne zancen gangar jikin keke ya shigo, wato firam. A keken da muka sani, ƙasan firam bututu ne zagayayye da ake zura sandar feda da boris a ciki, kuma na Sin na iya shiga inda na Indiya ya fita, ko da sai an ɗan taɓa shi da guduma. Keken akwati ba shi da wannan bututu. An yanke wurin, an ƙera masa mazauni na musamman da ake ɗaure akwatin a kai da kusoshi, har akwatin ya zama kamar gaɓa ta jikin firam ɗin. Ba a iya ɗaura shi a tsohon keke, kuma in ya mutu ba a iya cire shi a sa feda irin ta kowa a gurbinsa. Bel shi ma ba a tsinka shi a haɗa kamar sarƙa, don haka a yawancin kekuna dole firam ya zo da wurin buɗewa ta baya da za a zura shi. Ga kuma kuɗi. Yuro 4,000 ba baƙon farashi ba ne a wannan sahu, wato fiye da sefa miliyan 2 da jika 600, kuɗin babura da yawa.

Na taɓa nuna hoton irin wannan keke a salula ga wani dattijo mai gyara da ke zaune ƙarƙashin bedi kusa da kasuwa, wanda ɗalibaina ke kai wa aiki. Ya daɗe yana dubawa, yana ƙara girman hoton da yatsu masu baƙin mai. Ya yaba yadda aka kawar da deraye, ya ce wanda ya yi wannan tunani ya san ciwon keke. Sa'an nan ya tambaye ni: "Malam, in cikinsa ya lalace, wa ke buɗe shi?" Na ce: "Baba, mayar da shi ake yi wurin kamfanin." Ya miƙo mini salular ya ce: "To, Malam, wannan ba sayar maka aka yi ba, aro aka ba ka."

Maganar ta zauna mini, domin mu mutanen kan iyaka mun san abin da dogaro da hanya mai nisa ke jawowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil. Manyan motocin da suka saba fitowa daga Kotonu suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, mutane da ƙananan kaya suka koma kwale-kwale. A waɗannan watanni keken da ya ci gaba da tafiya shi ne wanda ake iya yi wa dabara da abin da ke cikin kwalin tarkace. Deraye da duk rauninsa yana da wannan alheri guda, in ya mutu ana yar da shi keke ya rayu. Akwatin da ya fi shi ƙarfi sau goma, ranar da ya tsaya, da firam ɗin gaba ɗaya zai tsaya, kuma ɗalibin da ke bisa kansa ba shi da mai aika masa kaya daga Jamus.

Kada mai karatu ya ɗauka rufaffen akwati nake zargi. Baburan Sin da na Indiya da ƴan kabu-kabu ke hawa duk da rufaffiyar giya suke tafe, kuma kullum makanikan Gaya na warware su a kan buhu, su sauya abin da ya cinye, su mayar. Yaran da ba su gama firamare ba sun san cikin injin nan kamar tafin hannunsu. Abin da ya sa haka ya yiwu shi ne kayan gyaran suna kasuwa a farashin da talaka ke iyawa, kuma sanin aikin ya wuce daga maigida zuwa yaron shago. A keke ma ɓoyayyar giya tsohon abu ne, tun 1902 Sturmey-Archer na Nottingham ya fara sa giya uku a cibiyar ƙafar baya, kuma akwai tsofaffin Raleigh da suka zo da ita, har da rufin ƙarfe da ke kare sarƙa daga ƙura. Ashe dai tambayar ita ce wa aka yi wa na'urar, kuma wa aka ba mabuɗinta.

Akwai waɗanda suka fara daga wannan tambaya kafin su zana komai. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, tana rarraba keke mai suna Buffalo a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi, kariyarsa na ɗaukar kilo 100, kuma tana horar da masu gyara a ƙauyukan da keken ya shiga. A 2024 ta fitar da samfurin S2 mai giya biyu, ba deraye, ba waya. Sarƙa biyu gare shi, ɗaya ta hawan tudu ɗaya ta miƙaƙƙiyar hanya, ana sauyawa da ɗan taka feda baya, kuma in ɗaya ta tsinke ɗayar na kai mutum gida. Giya biyu ba 18 ba ce, amma Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, kuma ga yarinyar da ke hawo tudun Gaya da jakar littattafai, giya biyun da ke aiki har ƙarshen shekarar karatu sun wadatar.

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye, mu malamai da ƙungiyoyin al'adu. Na'ura tana zama ta mutane ne ranar da suka iya kiran sunan kowace gaɓa tata da bakinsu. A rumfar mai gyaran keke a Gaya akwai ƙamus da ba a rubuta ba: sirdi da sarƙa da cibiya na gida ne, birki da feda da boris sun shigo ta Najeriya, deraye da bitas daga Faransanci suke, kuma abokan zamanmu masu Dandanci da Zabarmanci suna da nasu. Tun 1973 ake gwajin koyarwa da harsunan gida a makarantun Nijar, a watan Maris na 2025 kuma dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma har yanzu da wuya a sami ɗan littafi mai shafi ashirin da ke bayyana wa yaro yadda giya ke aiki cikin harshen da yake mafarki da shi, alhali lissafin ninka 6 da 3 da rabon haƙoran faranti darasi ne na aji shida.

Shawarata ba ta bukatar tallafin kowa daga waje. Kowace ƙungiya ta tura matasa biyu da littafin rubutu su zauna wurin masu gyara, su tattara kalmomin, su zana kowace gaɓa da sunanta cikin harsunan garin. Kowace makaranta da ɗalibanta ke zuwa daga nesa ta gayyaci mai gyara sau ɗaya a wata, a ba shi allo da alli da girman da ake ba malami, ya koya wa yara maza da mata ɗaure sarƙa da liƙe taya da daidaita birki. Mu kuma masu koyar da harshe mu ɗauki waɗannan kalmomi mu sa su cikin shifta da insha'i. Wata rana keken akwati zai iso nan cikin gwanjo, kamar yadda VTT ya iso, an cire masa rabin kuɗi da dukan takardunsa. Ya kamata ya tarar da yaran da ba su jin tsoron kwance kusa, waɗanda za su buɗe shi, su gane shi, su raɗa masa suna.