Ba Famfon Ne Mai Laifi Ba

A cikin motocin da ake kawo mana da ƙorafin sitiyari ya yi tauri ko yana kuka, kaɗan ne famfonsu ya mutu don tsufa. Yawanci kashe shi ake yi, kuma abin da ya kashe shi yana nan cikin motar yana jiran sabon da za a ɗaura.

Na koyi kanikanci a garejin wata masana'anta a Bompai, lokacin da jiniyar tashi daga aiki ke cika titi da kekuna. Motocin da muka fi taɓawa su ne Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna a wancan lokacin, da manyan motocin ɗaukar kaya. Galibinsu ba su da fawa, damtsen direba ne ke juya taya. Amma akwai tsari. Kowace mota da katinta, an rubuta ranar da aka yi mata juye da abin da aka canza. Direba ba ya fita ƙofa sai ya buɗe bonet ya duba mai da ruwa da bel. Idan aka ga ɗigo a inda mota ta kwana, ogan gareji zai durƙusa ya dangwala da yatsa, ya sansana, ya faɗi daga inda ya fito kafin kowa ya ɗauki sifana.

Bayan 1986, da aka shigo da tsarin tattalin arziki na SAP, naira ta faɗi, sabon kayan gyara ya fi ƙarfin mutane. Wuta ta yi ƙaranci, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muka watsu gefen titi da akwatunan kayan aikinmu. Sai ga motocin Kwatano sun cika gari, Honda da Toyota, kusan duk da fawa. Motocin sun zo, katin nan bai biyo su ba.

Aikin famfon ba wani boyayye ba ne. Injin ke juya shi da bel, shi kuma ya tura mai da ƙarfi ta tiyo zuwa rak, man ya taya direba tura tayoyin gaba. Man nan kuma shi ne ke sanyaya famfon yana hana ƙarfe cin ƙarfe. Da ya ragu, iska ta shiga, sai ka ji kuka duk lokacin da aka karya kwana. Daga ina man ke guduwa? Hanyoyin da tireloli ke bi dare da rana a Sharada da Challawa suna yaga robar da ke rufe bakin rak. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya bi baya, sil ya cinye. Ko kuma tiyo ya tsufa ya fara gumi. Direba ya ga mai ya yi ƙasa, ya ƙara abin da ya samu. Na ga wanda ya zuba baƙin mai, na ga wanda ya zuba man burki, wanda ke kumbura robobi ya lalata su gaba ɗaya. Ga masu murɗa sitiyari har ƙarshe su danne shi a nan suna jiran hanya, famfo na ihu, mai na tafasa.

Wani direban majema daga Challawa ya kawo mini Hilux da famfo a leda, ya sayo da kansa.

"Baba, ɗaura wannan kawai, oga na jirana."

Na ce, "Ɗana, zo ka gani tukuna."

Na tsoma yatsa a tankin man na nuna masa a rana. Man fawa na ATF ja ne garau in yana da lafiya. Wannan ya koma baƙi, yana warin ƙuna, da ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Na ja shi ƙarƙashin motar, ya ga babban tiyo ya jiƙe sharkaf har ƙura ta manne masa ta zama laka. Ɗaura famfo a kan wannan, zuba ruwa ne a tulu mai huji. Bai ji daɗi ba, don kuɗin ya ƙaru kuma motar ta kwana. Ban ga laifinsa ba, shi ma a ƙarƙashin wani yake. Amma ban ɗaura ba sai da aka kawo tiyo.

Idan canjin ya zama dole, to a yi shi da natsuwa. A Ƙofar Ruwa za ka samu sabo, za ka samu na Beljiyam, kuma na Beljiyam mai kyau sau da yawa ya fi sabo mai arha ƙarko. Ka juya fulinsa da hannu, ka girgiza ka ji ko yana lilo, ka leƙa bakinsa ko akwai tsatsa. A zubar da tsohon mai duka, a wanke tanki da layin, a sa sabbin zoben roba. Bel kada ya saki, kada kuma a ɗaure shi tamau ya ci boris.

Inda yaran gareji suka fi ba ni haushi shi ne ƙarshe. Suna gama ɗaure noti sai su ba mota wuta. Famfo ya juya a bushe, iska ta dake mai ya zama kumfa, tun ranar farko an rage masa kwana. A ɗaga gaban mota da jak, injin a kashe, a cika mai, a riƙa juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ana ƙara mai, har kumfa ya daina tasowa. Sannan a tayar, a saurara. Abin ba ya cin rabin sa'a, kuma shi ne ba wanda ke son yi.

Yanzu ƙananan motoci da yawa suna zuwa da sitiyarin lantarki, ba famfo, ba mai, ba tiyo, sai ƙaramin injin lantarki da waya da kwamfuta. Yaran da ke hannuna ina tura su wajen masu wayarin su koyi wannan, don can abincinsu zai koma. Amma tsofaffin motocin da ke jigilar fata da buhuna tsakanin Challawa da Bompai za su daɗe suna yawo, don haka duk mai son zama a garejina sai ya fara iya bin ɗigon mai har inda ya fito kafin in ba shi izinin kwance famfo.