Kwatancen Hanya a Fika

Na tambayi wani dattijo a Fika hanyar wani ƙauye, sai ya ce, "Ɗana, ka bar dutsen can a hagunka, in ka ga kuka mai rassa biyu sai ka karya." A Potiskum kuwa, inda fadar Moi, Sarkin Fika, ta koma tun 1924, da tasha da shataletale da kasuwar shanu ake kwatance. Na daɗe tsaye ina tunani. Wanda ya tashi tsakanin duwatsu, ƙila haka yake ajiye komai a ransa, har shekaru da mutanen da suka rigaye shi, kowanne da tudunsa da kwarinsa. Ni dai, sabo da birni, wayata na fara dubawa. Babu sabis. Na nufi kukar.