Ƙwarangwal Da Kwalbar Tsimi

A yi mini afuwa, wannan makon ba ci gaban labarinmu na kawo ba, wata gardama ce da aka tafka a zaurena a hutun ƙarshen shekarar 2023, wadda har yau ta ƙi barin zuciyata.

Ɗan yayana marigayi ne ya dawo daga karatu a Maleshiya da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Babu allo babu kwamfuta, sai takarda da fensir da ƙwayoyi irin na lido, wata mai fuska 4, wata har 20. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari kuma shi ne alƙali, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da zai yi, ƙwaya ta yanke ko ya dace ko bai dace ba. Da ya gama bayani na ce masa ai wannan tatsuniya ce aka sa mata doka. Ya ce, "Baffa, shi ya sa na ce kai za ka fi kowa iyawa."

Na ɗauki boka, tunda shekara ashirin ke nan ina rubuta bokaye da sadaukai. A dokar wasan bokana zai iya tashin ƙwarangwal ya yi masa hidima, amma duk awa 24 sai ya sabunta tsafin, in ba haka ba ya kuɓuce masa. Na tashi ɗaya na sa masa suna Dogo. Kafin wani ya rubuto mini wasiƙa, na sani sarai mamaci ba ya tashi sai ranar da Allah Ya tashe shi. Wannan duniyar Gizo da Ƙoƙi ce.

Dare na uku muka shiga wani kogo, wani ƙato ya narka wa Dogo gulma. Ƙarfin ran ƙwarangwal maki 13 ne, kuma dukan gulma ninki biyu yake yi masa, sai ga Dogo ya koma maki 2. A jakata akwai 'yar kwalbar tsimin warkarwa guda ɗaya tak, ta zinare 50. Na ce zan ɗura wa Dogo.

Nan zaure ya kaure. Wani abokin yaron ya ce, "Haba Baba! Wanda ba shi da maƙogwaro ba shi da tumbi, ina maganin zai sauka? Zubewa zai yi a ƙasa ta tsakanin haƙarƙari." Wani kuma ya ce ai maganin rayayyu guba ne ga matattu, ƙarasa shi zan yi.

Ashe kowanne da madogararsa, don littafin dokokin ba ɗaya ba ne, an sha sake shi. A bugun 2003, tsafin warkarwa ƙarfin rai ne, saboda haka idan ya taɓa mataccen da aka tasa ƙona shi yake yi, shi kuwa tsafin raunatawa shi ke warkar da su. Tsimi a wancan bugun tsafi ne aka dafa aka zuba a kwalba, don haka tsimin warkarwa cutar da su zai yi. An kuma ce dole a haɗiye shi, shi ya sa fatalwa da ba ta da gangar jiki ba ta iya sha ko kaɗan. To amma mu bugun 2014 muke bi. A can an faɗa ƙarara tsafin warkar da rauni ba ya aiki a kan matattu, amma da aka zo kan kwalba sai aka yi shiru, an dai ce wanda ya sha zai samu sauƙi. Wannan shirun shi ne filin dagarmu.

Ni kuwa na ce musu ku tsaya. Dogo ba shi da ido amma yana gani. Ba shi da kunne amma yana jin umarnina. Ba shi da jijiya ko ɗaya amma yana ɗaga takobi. Duk kun yarda da wannan ba ku ce uffan ba, sai da aka zo kan magani za ku koma likitoci kuna neman tumbi? In tsafi ya isa ya riƙe ƙashi da ƙashi, ya isa ya karɓi tsimi. Kuma har yau ina kan bakata. Wa ya taɓa tsayar da mai karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya tambaye shi ta wace jijiya ruwan ke bi ya yi magani?

Gaskiyar magana dai ba hujja ce ta ɗaga mini murya ba. A 2016, a kwanakin ƙarshe na Yaya a asibiti, ni nake ba shi kunu da cokali. Ya daina haɗiya, kunun sai ya biyo gefen baki ya gangaro wuya. Na san ba ya shiga, amma ban daina ba, don dainawar ce na kasa. Wanda ke riƙe da tawul yana gogewa kuwa shi ne wannan yaron, lokacin yana ɗan shekara 14. Da abokinsa ya ce maganin zubewa zai yi, na ɗago kai muka haɗa ido da shi, ya yi sauri ya mayar da nasa kan littafi. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Ya daɗe yana buɗe shafuka kamar mai neman wani abu, alhali ya san babu. Can ya rufe ya ce, "Tsimin ya bi ƙasusuwa ya tsotse, ko ɗigo bai kai ƙasa ba. Baffa jefa." Ƙwaya biyu masu fuska 4 ake jefawa a ƙara 2. Na sami 1 da 2. Dogo ya koma maki 7.

Bai kai ƙarshen kogon ba. Ƙaton nan ya sake samun sa, ya watse. A littafina da tuni na dawo da shi a kashi na uku, don na sha tashin jarumin da na kashe idan 'yan kasuwa suka ce littafi na tafiya. A nan ƙwaya ta hana ni, kuma na ji zafin abin fiye da yadda ya kamaci mai furfura a gemu.

A 2024 aka sake gyara dokokin, aka cire sharaɗin nan daga tsafin warkar da rauni, ya zama yana aiki har a kan matattu. Yaron ya ɗauko hoton shafin ya turo mini da tsakar dare, ƙarƙashinsa ya rubuta, "Baffa ka ci shari'a." Na amsa masa da cewa in ya zo hutu ya taho da ƙwayoyin.