Neman Masauki da Iyali a Birnin Burusel

Tun da na dawo daga ƙasar Beljiyam abokan aiki a lakwal suke ta tambayata labarin dogayen benaye da jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Har yau ba wanda ya tambaye ni inda muka kwana, alhali kuwa shi ne abin da ya fi ba ni wuya a tafiyar baki ɗaya. Don haka na ga ya kamata in kawo labarin a wannan fili namu, ko Allah zai sa ya amfani wani magidanci da zai ɗauki iyali zuwa Turai.

A watan Agusta na 2022, lokacin babban hutu, ƙanen maiɗakina ya gayyace mu ɗaurin aurensa a Burusel. Ya daɗe a can yana aiki a unguwar Heyvaert, inda ake tara tsofaffin motoci a kai su tashar jiragen ruwa ta Anvers, daga nan sai Kwatano da Lome. Da yawa cikin motocin da muke gani a titunan Maraɗi da Damagaram ta wannan hanya suka biyo. Mu biyar muka tashi: ni, da maiɗakina, da mahaifiyarta Hajiya wadda ciwon gwiwa yake damu, da yarona mai shekara 12, da ƴar autarmu mai shekara 5. Ango ɗaki ɗaya da falo gare shi, ga amarya za ta tare, saboda haka dole sai otal. Ga kuma masu ba da biza ta Shengen, su ma sai sun ga takardar da ke nuna inda mutum zai sauka.

Kafin in shiga labarin, bari in ɗan zana muku garin kamar yadda nake yi wa yara a allo. Tsakiyar Burusel tana da kusurwa biyar, kuma babban titi ya kewaye ta daidai inda ganuwar garin ta ƙarni na 14 take a da. Ƙofa ɗaya ce ta rage daga wannan ganuwa, ana ce mata Porte de Hal. A cibiya akwai babban dandalin nan Grand-Place, wanda sojojin Faransa suka yi wa ruwan wuta a 1695, mutanen gari suka sake gina shi cikin ƴan shekaru, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1998. Manyan tashoshin jirgin ƙasa uku ne a jere, Nord da Central da Midi, kuma tun 1952 layi ɗaya ya haɗa su ta ƙarƙashin gari. Kowane titi suna biyu gare shi, na Faransanci da na yaren Holand, kamar dai yadda jaridarmu take da harshe biyu. Baƙo zai iya tsayawa a ƙarƙashin allon da aka rubuta Zuid yana ta neman Midi, ashe su ne abu guda.

To, ango mutum ne mai hidima, sai ya bar mini zaɓen otal ta waya. Ni kuwa abu biyu kawai na duba, araha da kusa da tasha. Na sami wani ƙaramin otal a bayan tashar Nord mai abin da suka kira ɗakin iyali, na ga kuɗin ya fi sauƙi in an biya gaba ɗaya ba a mayarwa, na sa ango ya biya kwana shida da katinsa na banki. Har na yi wa maiɗakina alfahari da iya ciniki. Ashe araha ba ta ado.

Jirginmu ya sauka da sassafe. Daga filin jirgin sama na Zaventem zuwa tashar Nord bai fi minti ashirin ba a jirgin ƙasa, ƙarfe tara muna bakin otal da akwatuna bakwai. Mai karɓar baƙi ya ce ɗaki sai ƙarfe uku na rana. Haka al'adarsu take kusan ko'ina: baƙo yakan fita da ƙarfe sha ɗaya ko sha biyu, a share ɗaki, sabon baƙo ya shiga bayan azahar. Muka zauna a kujeru awa shida, yara na gyangyaɗi. Da lokaci ya yi aka nuna mana matakala, siririya mai lanƙwasa, har hawa na uku. Gidan tsoho ne, babu asansar, wato ɗakin ƙarfen nan da ke hawa da mutane sama. Hajiya ta hau tana hutawa a kowane bene, ba ta ce uffan ba.

Da aka buɗe ƙofa sai jikina ya yi sanyi. Ɗakin iyali a wurin Bature ɗaki ɗaya ne aka jera gadaje a ciki, uba da uwa da yara da kaka duk wuri guda, bayan gida ɗaya. Ni da ko cin abinci ba na yi a gaban surukata, yau ga gadona ga nata. Maiɗakina ta ja ni waje ta ce, "Malam, ka san Inna ba za ta runtsa a nan ba." Hajiya kuwa daga ciki ta ce, "Ku bar Malam ya huta, ni kujerar nan ta ishe ni." Wannan magana ta fi mari zafi a wurina. Na sauka na nemi ƙarin ɗaki, aka ce duk sun cika. Daren nan a ƙasan falon ango na kwana tare da yarona.

Kafin mu tafi can ma sai da na ga abin da ya ƙarasa kashe mini gwiwa. Na fita da yaron neman abinci a Rue de Brabant, titi mai cike da kantunan Larabawan Maroko da Turkawa, ga nama na halal, ga jallabiyoyi da dardumar salla. A hanyar dawowa muka yi kuskuren kwana, muka faɗa titin da ke jikin layin dogo, Rue d'Aerschot, inda mata masu zaman kansu suke zama a bayan gilashi ƙarƙashin jan fitila. Na riƙe kan yaron na juya da shi da sauri. Tsakanin titunan nan biyu bai fi tafiyar minti biyu ba, kuma taswirar waya ba ta nuna wa mutum wannan bambanci.

Washegari na sami ango na ce masa laifin nawa ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaya Malam, ai da ka aiko mini da sunan titin tun farko da na faɗa maka." Muka fita neman wani wuri da ƙafa, wannan karon da tambayoyina a rubuce a takarda kamar mai shirya jarrabawa. A cikin da'irar tsakiyar gari, wajen unguwar Sainte-Catherine inda tsohuwar kasuwar kifi take, muka sami irin masaukin nan da ke tsakanin otal da gidan haya: ɗakunan kwana biyu kowanne da ƙofarsa, da falo, da ƴar madafa mai firij da tukwane, ga asansar. Hajiya da jikarta suka ɗauki ɗaki ɗaya, yarona ya kwanta a kujerar falo da ake buɗewa ta zama gado. Kuɗin kwana biyar na otal na farko kuwa sun tafi ke nan, ko dala ba a mayar ba.

Ga abin da na koya, kuma da kuɗi na saye shi. Na farko, a faɗi adadin mutane da shekarun kowane yaro tun wajen kama ɗaki. A can kowane ɗaki yana da iyakar mutanen da aka yarda su kwana a ciki saboda dokar kiyaye gobara, ba a shimfiɗa tabarma a ƙara mutum kamar a gida. A kuma tambaya da baki ko ɗakuna biyu ne masu ƙofa, ko kuwa gadaje ne aka jera. Wanda zai tafi da suruka ko ƴa budurwa ya san dalilin wannan tambaya.

Na biyu, kalmar "kusa da tsakiyar gari" ba ta isa ba. A nemi sunan titin, a tambayi ɗan'uwa mazaunin garin yadda wurin yake da dare. Bakin manyan tashoshi ya fi araha, amma nan ne hayaniya da ƴan yankan aljihu suka fi yawa. Tsakiyar dandalin ma ba wurin mai yara ba ne, domin mashaya ba sa tashi sai tsakar dare. Abin da ya dace shi ne tafiyar minti goma zuwa sha biyar da ƙafa daga dandali, kusa da tashar metiro. Daga masaukinmu na biyu mukan bi ta Boulevard Anspach, wanda aka hana motoci bi tun 2015, yara na gudu ba fargaba. Yaron da bai kai shekara 6 ba kuwa ba ya biyan kuɗin metiro ko taram ko bas na cikin gari.

Na uku, maganar ciki. Karin kumallon otal kuɗinsa daban ne a wurare da yawa, kuma kowane kai ake lissafawa, ga naman alade a jere kusa da cuku. Madafa ita ta cece mu. Ran Lahadi da safe muka je babbar kasuwar da ke ci a gefen tashar Midi, muka sayo shinkafa da tumatir da attarugu da kifi, maiɗakina ta fito da kuka da daddawar da ta ƙullo daga gida. Ranar da Hajiya ta ci tuwon semolina da miyar kuka ita ce ranar da na fara ganin dariyarta a Turai. A kula kuma, yawancin kantuna a rufe suke ran Lahadi.

Na huɗu, ƙananan abubuwan da Bature ba zai tuna maka ba. Ka sa butarka ta roba a akwati, domin takarda kawai za ka tarar a bayan gida. Ka tambayi alƙibla, a Burusel kudu maso gabas take. A tsakiyar Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, saboda haka ɗakin da ba shi da labule mai kauri yara ba za su yi barci da wuri ba.

Na ƙarshe, lissafi. Euro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya canzawa, wato ɗakin euro 100 ya haura jika 65 a dare ɗaya. Akwai kuma harajin kwana da hukumar gari take karɓa, a tambaya ko yana cikin farashin. Burusel gari ne na ma'aikatan Tarayyar Turai da masu taro, shi ya sa otal-otal sukan sauko da kuɗi a ƙarshen mako da lokacin hutun Yuli da Agusta. Kuma ko da ya fi tsada kaɗan, a zaɓi irin kamun ɗakin da za a iya fasawa a karɓi kuɗi.

Bayan mun natsu ne muka ga garin. Mun yi sa'a shekarar ce ake shimfiɗa dardumar furanni a Grand-Place, abin da ake yi sau ɗaya a shekara biyu, tsawon mita 70. Saboda masaukin na kusa, Hajiya ta taka da ƙafarta a hankali ta je ta gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wannan aiki ko masu ɗinkin hula sai haka." Da ta gaji muka mayar da ita cikin minti goma, asansar ya kai ta har bakin ƙofa. Aka ɗaura aure lafiya, muka dawo gida lafiya, ni kuma na shafe wata huɗu ina biyan ango kuɗin otal ɗin da ba mu kwana a ciki ba, duk da ya ce ya yafe.

Wanda Allah ya nufa da irin wannan tafiya, ya yi tambaya kafin ya biya, domin matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai kowa lafiya ya dawo da shi lafiya. Sai wani watan in Allah ya kai mu.