Tsuntsun Da Bai Gina Wa Kansa Shi Kaɗai Ba



Na jima ina nazarin yadda ƙasashe ke zaɓen halittar da za ta zama alamarsu. Amurka ta ɗauki gaggafa, Ingila ta ɗauki zaki. Amma Jamhuriyar Dominika, a shekarar 1987, sai ta zaɓi wani ɗan tsuntsu da mutanenta ke kira sigwa palmera, wanda tsawonsa bai wuce santimita 20 ba. Bayansa ruwan ƙasa ne, ƙirjinsa fari mai zane-zane, kukansa kuma ya fi kusa da hayaniya fiye da rera waƙa. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai tsibirin Hisfaniyola, wanda Dominika da Haiti suka raba, da 'yan ƙananan tsibiran da ke gefensa. Masana sun ware masa dangi guda, shi kaɗai a cikinsa.

To, me suka gani a jikinsa?

Ni dai abin da ya ja hankalina shi ne sheƙarsa. Tsuntsayen kan haɗu su tara ƙirare a kan wani dogon itace dangin dabino, su gina gida guda da faɗinsa kan haura mita ɗaya. A cikin gidan, kowane namiji da macensa suna da ɗakinsu da ƙofarsu. Ginin na kowa ne, ɗakin kuwa na mai shi ne. Har wani shaho na tsibirin, wanda ke gab da ƙarewa, kan ɗora tasa sheƙar a bisa tasu. Kuma da yake 'ya'yan itatuwa ne yawancin abincinsu, sukan watsa iri duk inda suka sauka, daji ya sake tsirowa.

Ya ɗan'uwa, a nan ne galibinmu muke tuntuɓe. Wani ya kulle ƙofarsa har maƙwabcinsa ya kwana da yunwa bai sani ba. Wani kuma, da sunan zumunci, sai ya kutsa cikin sirrin kowa, ya baza shi a intanet. Zaman tare ba ya ɗorewa sai da abu biyu: hannu a aikin gayya, da kawar da ido daga ɗakin wani.

Kafin ka rufe wayarka yau, tambayi kanka: ƙirare nawa ka kawo, kuma ƙofa nawa ka leƙa?