Rumbun Kakata



Da na gama difloma a Sakkwato na dawo Tambuwal ba aikin yi, sai na sayi littafi marar layi da fensir, na ɗora wa kaina zane ɗaya kullum bayan La'asar. Baba ya leƙa ya ce, "Ban da mai rai." Na ce to. Na koma kan tulu, amalanke da bishiyar kuka.

Shafukan farko abin kunya ne, amma ban yage ko ɗaya ba. Kwanan wata nake sawa a ƙasa in wuce.

Rumbun kakata a Kebbe ya fi komai ba ni wuya. Sau bakwai yana fito mini kamar tulu. A na takwas na lura ashe bisa duwatsu aka ɗora shi, saboda danshi da gara. Ni da na sa rumbu cikin gajerun labaraina har biyu, ban taɓa duba gindinsa ba!

Daminar bana ta kayar da shi. Kaka ta ce in kawo mata littafin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Jinkar ta fi haka karkacewa."