A Kaɗe Kafin a Shafa

Idan kana da kamara, ko wayar salula mai ɗaukar hoto, to da kai nake. Ni ɗaukar hoto ce sana'ata, daga Arlit da Akokan har zangon makiyaya na karkarar Dannet. A wannan ƙasa tamu ta Abzin, babban abokin gaban mai hoto shi ne yashi.

Wata rana da bazara ina bakin rijiya, ina ɗaukar raƙuma suna shan ruwa. Sai guguwa ta taso daga gabas, ta rufe mu. Nan da nan na cusa kamara cikin riga, na juya wa iska baya. Duk da haka, da ta wuce na murɗa idon kamara, sai na ji yana ƙas-ƙas kamar ana tauna tsakuwa. Kusa da ni akwai wani saurayi da sabuwar waya. Ya zo ne ya ɗauki kakansa hoto, don ya aika wa dangi a Agadas. Da ya ga ƙura a kan gilashin, sai ya kama gefen rawaninsa ya goge da ƙarfi. Daga ranar, duk hoton da wayar ta ɗauka sai ya fito kamar cikin hazo.

Ga dalili. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. In ka danna ta da ƙyalle ka ja, za ta yi zane. Zanen kuwa ba ya wankuwa. Rawani da riga sun wuni cikin iska, cike suke da yashin da ido ba ya gani.

To yaya ake yi? Sauri ya haifi nawa. Ka bari sai ka shiga ɗaki ko tanti, inda iska ba ta kaɗawa. Ka wanke hannu, ka bari ya bushe. Ka kashe na'urar. Ka kifa ta, idonta na kallon ƙasa, ka hura mata iska da ɗan famfon roba. Kada ka hura da baki, domin yawu yana manna ƙura. Bayan haka ka kaɗe ta da buroshi mai laushi, wanda bai taɓa wani aiki ba. Sai ka ga babu sauran yashi, sannan ka shafa gilashin a hankali da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Wannan ƙyalle ka ajiye shi cikin leda, shi kaɗai. Kada ka sa sabulu, ko kananzir, ko fetur. Ramin caji kuma kada ka tsokane shi da allura. Buroshi ya isa.

Ruwa ma yana ɓarna. Da damina, a watan Yuli da Agusta, in an yi ruwa a kan duwatsu, kori yakan cika farat ɗaya. In wayarka ta jiƙe, ka kashe ta nan take. Ka cire ɗan katin da hotuna suke ciki. Ka ajiye ta a inuwa, inda iska ke shiga, kwana biyu ko uku. Kada ka shanya ta a rana, kada ka kai ta bakin wuta. Haka nan da bazara, lokacin da zafi ke wuce awo 40, kada ka bar ta a gaban mota. Zafi yana kashe batir.

Akwai kuma ɓarnar da mai hoto ke yi da hannunsa. A Dabus, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, shekaru dubbai da suka wuce. Babban ya fi mita 5. Wani Bafaranshe, Christian Dupuy, ya sanar da duniya labarinsu a 1987. Wasu baƙi, in sun je irin wannan wuri, sukan zuba wa dutse ruwa, ko su bi zanen da alli, ko su hau kansa da takalmi, wai don hoto ya fito. Wannan yana cinye zanen. Ka je da sassafe ko da la'asar. Rana tana gefe, inuwa za ta cika zanen, hoto ya fito ras.

Kana iya cewa, duk wannan wahala a kan hoto? Ka duba Akokan. Kamfanin COMINAK ya fara haƙo uraniyom a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikata da yawa sun kwashe iyalinsu, sun koma garuruwansu. Yaron da aka haifa bayan nan, da me za a nuna masa yadda garin yake a dā, da fuskar waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin ƙasa? Sai da hoto. Gani ya kori ji. Tsofaffinmu ma haka ne. Wanda ka ɗauka bana, ba lalle ka same shi baɗi ba.

Saboda haka ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi. Hoton da ka fi so, ka kai a wanke maka shi a takarda. Yanzu da ka iya rubutu, ka juya bayansa, ka rubuta sunan mai shi, da wurin, da shekara. Ka sa shi cikin leda, ka adana cikin akwati.

Allah ya tsare mana idonmu da kayan aikinmu, amin.